Ruwan Rinin Inna

Shekarun baya, lokacin ina tsakiyar digirina na biyu a fannin kimiyyar sinadarai, na ɗauki kaina wata babbar masaniya. Ku bar ganina yanzu ina magana a hankali. A lokacin, in na sa farar rigar ɗakin gwaji na rataya katin makaranta a wuya, ko tafiyata canzawa take yi. Yau zan ba ku labarin ranar da aka sauke mini wannan girman kan, a zauren gidanmu da ke Unguwar Rogo, gaban dattawa uku da mahaifiyata.

Mahaifiyata, Inna muke ce mata, mai rini ce. Ba rinin baba irin na karofi ba, rinin zamani na garin kala da ake saye a kasuwa, a dama shi da ruwan zafi da soda da wani sinadari da ake ce wa haidiro a babban baho, a tsoma shadda a ciki. Tun rasuwar mahaifinmu da wannan sana'ar ta riƙe mu, mu biyar. Ni dai ban taɓa sanin ainihin launin farcen Inna ba. Tana sa safar hannu ta roba, amma kala ba ta rasa inda za ta bi.

Ruwan da aka gama rini da shi kuwa kwata ake zuba shi. Ya bi ta ƙarƙashin katanga, ya fita lungu, ya wuce ta ƙofar maƙwabcinmu. Yau shuɗi, gobe ja, jibi ruwan goro. Muna yara har alfahari muke yi da shi, don in baƙo yana neman gidanmu cewa ake yi ya bi ruwa mai kala har inda ya fito. Babu wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi inda sauran yake nutsewa.

Maƙwabcin namu dattijo ne, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, Baba muke kiransa. Rijiyarsa tana jikin katangar da ta raba mu. Wata safiya ya yi sallama da farin bokitin roba a hannu, ya ajiye a zaure ya ce a kira Inna. Ruwan da ke ciki ruwa ne dai, amma in ka dube shi ta gefe sai ka ga wani shuɗi-shuɗi a kwance a cikinsa.

Ya ce, "Hajiya, ba rigima nika nema ba. Amma wanga ruwan jikokina ka sha in hwanhwo ya ɗauke."

Inna ta ba shi haƙuri, ta rage yawan rinin, ta sa aka shafe cikin kwata da siminti don kada ruwa ya nutse. Bai hana komai ba. Bayan ya sake magana sau biyu, Baba ya kai maganar wurin mai unguwa, kuma ni ban ga laifinsa ba ko a lokacin. Mai unguwa ya ba Inna mako biyu: ko dai a samo yadda za a yi da ruwan, ko kuma a daina rini a gidan. Inna ba ta da wani fili ko rumfa da za ta koma. Ga Sallah ta matso, shaddar mutane jibge a ɗakinta har ta kusa taɓa taga.

To a nan ne ni 'yar boko na gyara zama.

Binciken da nake yi a makaranta a kan wannan matsalar yake, ba ƙari ba ragi. Wani baƙin gari muke haɗawa daga ƙarfe da gawayin ƙwallon goruba. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganin guda ɗaya, shi ya sa ake ce musu nano. In ka zuba garin cikin ruwa mai kala ka girgiza, kalar sai ta manne a jikin ƙwayoyin. Daga nan ka kawo maganaɗisu ka ɗora a jikin kwalbar, garin ya taru gefe guda da kalar da ya kwaso, ruwa ya koma garau. Ranar da na fara ganin haka a ɗakin gwaji sai da na yi guɗa, har malamina ya leƙo ya ga ko lafiya.

Na samu Inna zaune bakin murhu ta yi tagumi, na ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki. Wannan ai aikina ne. Ki gaya ma mai unguwa su zo su gani da idonsu."

Ta dube ni ta ce, "Kin tabbata?"

Na ce, "Haba Inna. Mi ni ka yi makaranta shekara shida?"

Washegari kafin in dawo daga makaranta, babu gidan da ba a ji ba a lungunmu cewa ɗiyar mai rini za ta mayar da ruwan rini ruwa. Inna ce ta yaɗa, da bakinta. Duk wadda ta kawo shadda sai ta gaya mata.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, ni a makaranta ruwa mai tsabta nake ɗiba in ɗiga masa kala kaɗan, sannan in cire ta in yi murna. Ban taɓa gwada ruwan bahon Inna ba. Da na ɗebi jarka guda na kai ɗakin gwaji, sai garina ya yi kamar bai san aikinsa ba. Na zuba, na girgiza, na kafa maganaɗisu, ruwa yana nan shuɗi yana kallona. Kwana biyar ina fama. Na ƙara yawan gari, na ƙara lokacin girgizawa, na bar shi ya kwanta kafin in fara. A rana ta shida ruwan ya washe, fari tas.

Sai na tsoma takardar gwaji. Wata 'yar siririyar takarda ce da ke canza launi ta nuna maka kaifin ruwa. In ruwan sha ne sai ta yi kore-kore. Tawa ta yi shuɗi mai duhu nan take. Na taɓa ruwan da yatsa na ji yana santsi kamar sabulu. Kala ta fita, amma soda tana nan daram, irin sodar da ke cin fatar hannu. Garina ba a yi shi don ya kama soda ba, kuma na san haka sarai.

Malamina ya wuce ta bayana ya ce, "Ya yi kyau. Kin duba sodar?"

Na ce, "Zan duba, Malam." Na dunƙule takardar na jefa a aljihu.

Ga abin da na gaya wa kaina a hanyar gida, don ku ji yadda mutum ke yi wa kansa wayo. Na ce ai ƙarar da aka kai a kan kala ce. Shuɗi Baba ya gani a bokiti, shuɗi kuma na cire. Su dattawan nan me suka sani game da soda? A bar Inna ta yi aikin Sallah, bayan Sallah in zauna in gyara sauran a nutse. Har na ji kamar na yi dabara.

Ranar da aka sa, bayan la'asar, aka shimfiɗa tabarma a zaure. Mai unguwa ya zo, ya taho da limamin masallacinmu, Baba ma ya shigo ya zauna daga gefe. Zafin Sakkwato kuwa ranar ba a magana, kowa da mafici a hannu. Inna ta sa hijabinta na zuwa biki ta zauna kusa da ƙofar cikin gida. Mata maƙwabta sun cika tsakar gida suna leƙe ta bayan labule.

Ni kuwa na fito da farar rigata, a cikin wannan zafin. Na jera kwalba, da gari, da maganaɗisun da na ciro daga tsohuwar lasifika, da tambulan na gilashi daga kabad ɗin Inna, irin wanda ba a taɓawa sai an yi baƙi. Na cika kwalbar da ruwan baho a gabansu. Na zuba gari, na yi ta girgizawa ina bayani, rabi Hausa rabi Turanci, su kuma suna gyaɗa kai don kara. Da lokaci ya yi na ɗora maganaɗisu. Baƙin garin ya taso ya manne a gefe, ruwa ya washe. Na tsiyaye shi a tambulan na ajiye a tsakiyar tabarma.

Mai unguwa ya ce, "Ikon Allah." Ya ɗaga tambulan ya duba ta hasken ƙofa. "Ya gyaru ke nan?"

Na ce, "Ya gyaru, ranka shi daɗe."

Na ji mata suna ƙus-ƙus a bayan labule. Na saci kallon Inna, na ga tana murmushi tana kallon ƙasa.

Liman ne ya karɓi tambulan daga hannun mai unguwa. Mutum ne mai sanyin magana, shi ya raɗa mini suna. Ba tarko ya ɗana mini ba, abin da ya sani ya faɗa.

Ya ce, "To ɗiyata, mun ga abin mamaki, Allah shi yi albarka. Mu dai abin da munka karanta game da ruwa uku na: launi, da wari, da ɗanɗano. In ɗaya yac canza, ba a alwala da shi. Launi kam ya tahi, mun gani." Ya kai hanci ya shinshina. "Wari kaɗan-kaɗan, wataƙila na kwalba na. Saura ɗanɗano."

Jama'a, wannan karatun tun ina 'yar shekara bakwai na haddace shi a Islamiyya. Duk yaron unguwarmu ya san shi. Amma da na zauna ina lissafin tambayoyin da za su yi mini, ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba. Na shirya amsar yadda maganaɗisu ke aiki, na shirya amsar inda ake samun gari. Ban shirya wa mutumin da zai auna ruwa da harshensa ba.

Ina neman yadda zan juya maganar, sai na ji muryar Inna.

"Allah shi gahwarta Malam, miƙo shi nan. Gidana anka yi ruwan ga, ni ya kamata in hwara sha. Ɗiyata tac ce ya gyaru, to ya gyaru."

Ta matso ta karɓa da hannu biyu. Ta yi bisimilla. Ta ɗaga shi zuwa bakinta.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai ji hannuna ya bugi nata, tambulan ya yi sama ya faɗi a kan daɓe ya tarwatse, ruwa ya fantsama har gefen rigar liman. Ni, a gaban mai unguwa da liman da maƙwabci, na buge abu daga hannun uwata. Wata daga bayan labule ta yi salati.

Na durƙusa a wurin, cikin farar rigar tawa, na fashe da kuka. Na ce, "Bai gyaru ba. Ƙarya na yi. Kala kaɗai na cire, soda tana ciki. In ta sha zai ƙone mata baki da maƙogwaro." Na laluba aljihu na ciro takardun gwaji. Na tsoma ɗaya a moɗar ruwan randa da aka kawo wa baƙi, ta yi kore. Na dangwala ɗaya a ruwan da ya zube a daɓe, ta yi shuɗi mai duhu. Na ajiye su gefe da gefe a kan tabarma, na kasa ɗaga kai.

Baba ne ya fara magana. Na ɗauka zai ce ai ga shi nan, dama ya faɗa. Sai ya ce, "Tashi, ɗiyata. Da kin yi shiru, da yau na koma gida na ce ma jikokina su sha ruwan rijiya, an gyara." Ya juya wurin mai unguwa. "Ni ba ni son Hajiya ta rasa sana'atta. Tare munka tsuhwa cikin lungun ga. Amma ka ga abin da ad akwai."

Mai unguwa ya yanke abin da ya zama dole ya yanke. A dakatar da rini har sai an samu gyara na gaskiya, bai kuma sa rana ba.

A makon nan Inna ta ɗaure shaddar mutane ƙulli-ƙulli ta mayar musu fara yadda suka kawo ta, ta kwatanta musu gidan wata mai rini a can wajen hanyar Wamakko. Wasu sun dawo daga baya, wasu har yau can suke kaiwa. Sallar shekarar nan tsohon zanenta ta goge ta ɗaura. Abin da ya fi ci mini rai, ko sau ɗaya ba ta yi mini faɗa ba. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Sai dai ta share gilasan da kanta, ta ce in cire farar rigar nan kafin zafi ya kashe ni.

Na koma na gaya wa malamina komai, har da takardar da na ɓoye a aljihu. Da ya gama ji ya ce, "To, yanzu kika fara bincike. Daga yau kada in ƙara ganin ruwa mai tsabta a teburinki. Na bahon mahaifiyarki za ki riƙa kawowa."

Kashe kaifin soda ba wuya ba ne a ɗakin gwaji, akwai sinadarin da ake ɗigawa. Amma abu ne mai haɗari, ba a kai shi gidan da yara ke yawo. Na yi makonni ina juya wannan. Wata rana ina zaune tsakar gida da littattafai a baje, ina ta ƙorafi ni kaɗai, Inna tana tsintar shinkafa, sai ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Mu dai in soda ta ci muna hannu, tsamiya mu ka jiƙawa mu tsoma."

Na tsaya ina kallonta. Digiri ɗaya da rabi, kuma tsamiya tana rataye a madafinmu tun kafin a haife ni.

Ba a rana ɗaya abin ya yiwu ba. Mun ƙarar da tsamiya mai yawa, kuma sai da na gano cewa in an fara kashe sodar, garin nawa ya fi kama kala da sauri, ba ya ma buƙatar yawa. Muka jera durom uku a bayan ɗaki. A na farko ruwa ke kwanciya a zuba masa ruwan tsamiya don tsaminta ya kashe kaifin soda, a na biyu a sa gari a juya da muciya a janye shi da maganaɗisu, na uku kuma a tara. Wanda aka tara da shi Inna ke ɗaurayar farko ta sabon rini, ya sake zagayowa. Baƙar laka da ke saura ni ke kai ta makaranta a jarka. Ko ɗigo ba ya bin kwata.

Bayan wata biyu da 'yan kwanaki dattawan suka dawo zaure. Wannan karon da atamfata na fito. Tun kafin liman ya buɗe baki na ce, "Allah shi gafarta Malam, ba a sha, ba a alwala da shi. Na ɗauraya ne kawai, kuma ba zai fita gidan nan ba." Ya yi dariya har da tafa hannu. Mai unguwa ya zagaya ya duba durom ɗin, ya leƙa kwata ya ga ta bushe, ya ce Inna ta ci gaba. Rijiyar Baba an yashe ta an ɗaure bakinta da siminti, amma bai ƙara yarda an sha ba, sai wanki. Wannan asarar mu muka ja masa, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa goranta mana ba.

Yanzu ni ma koyarwa nake yi, kuma har gobe a kan wannan garin nake aiki. Ina son sa, yana da amfani, amma na daina yi masa kirarin da bai kai ba. Duk ɗalibin da ya kawo mini ruwa garau a kwalba yana washe baki, nakan bar shi ya gama murnarsa, don na san daɗinta. Sannan in tambaye shi me ya rage a ciki wanda ido ba ya gani, kuma wa zai fara kai shi baki in ya ce ya gyaru. Ba na jin haushin yarinyar da na kasance. Tsoro ne ya sa ta, tana son ta ceci sana'ar uwarta kafin Sallah. Sai dai ta ɗauka ƙaryar a bakinta za ta tsaya, ba ta san wani ne zai haɗiye ta ba.

Akwai abu ɗaya da ban sani ba sai daga baya. Wata rana muna bakin durom ni da Inna, tana tace tsamiya ina juya muciya, na yi ƙarfin hali na tambaye ta abin da ya daɗe yana damuna. Na ce, "Inna, ranar nan da ban buge tambulan ba, da gaske sha za ki yi? Ba ki ji tsoron ko akwai wani abu a ciki ba?"

Ta ci gaba da matse tsamiyarta. Ta ce, "Ke, shekara nawa ina rini? Tun da nir riƙa tambulan, ruwan yat taɓa man yatsa, nij ji santsi nai. Na san soda ta."

Na saki muciyar. Na ce, "Kin sani? To don me kika ɗauka?"

Ta ce, "Malam za ya kai baki, ko Baba. Baƙi na, gidana sunka zo." Ta yarfe hannunta ta goge a zane. "Kuma ke kin riga kin ce ya gyaru, gaban mutane. Nic ce in kurɓa kaɗan in daure, in ce lahiya lau. Baki ai warkewa shi kai. Ba ni so a tashi zauren nan ana ce ma ɗiyata maƙaryaciya."

Na sunkuya na ɗauki muciyar. Ita kuwa ta miƙo mini ƙwaryar tsamiya ta ce in zuba, rana tana yi.

Inna ta bar rini yanzu, gwiwa ta hana ta tsugunno, ƙanwata ce ke riƙe da bahon da durom ɗin. Tambulan biyar suka rage a kabad, ta hana a cike na shidan. In na je gida na ɗebo mata ruwa, takan karɓa ta ɗaga shi ta duba ta haske, ta ce, "Wanga na randa na, ko na makaranta?" Sai na ce na randa ne sannan ta sha.